Ɗakin Bakin Famfo

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, karatu kuma yana tafiya yadda ake so. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Gwiwar nan tawa ce dai take ta yi mini gardama, in na durƙusa a shago sai na laluɓi bango kafin in miƙe. Likita ya ce in rage tsayuwa. Na ce masa kafintan da ya rage tsayuwa ai cin abinci ya rage. Matata tana gaishe ki da kyau.

Za ki ce me ya hana ni kiran waya. Waya ta gaisuwa ce. Magana in tana da nauyi na fi so in zauna da biro, in na yi kuskure in soke. Tunda Direba yana bi ta wajenku duk mako da motar kaya, shi zai riƙa kai mana.

Sunan mahaifiyata gare ki, saboda haka dole in riƙa kawo miki ƙara. Gidan hayar nan da kakanku ya bari a hannuna ya hana ni sakat. Kin san shi, ɗaki goma sha takwas. Wata bakwai da suka wuce na ba wata tela ɗakin bakin famfo, ita da 'ya'yanta biyu, mijinta yana aiki a wani gari. Ranar da ta zo, ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ni, na ce a raina Allah ya kawo mini mutuniyar kirki. Yanzu mutanen gida Rediyo suke kiranta, wai tun asuba take kamawa kuma ba mai iya kashe ta. Makon jiya ta ɗauki bokitin tsohuwar nan ta ɗakin zaure ta yi jifa da shi, ya fashe. Mutum goma sha ɗaya suka biyo ni shago, suka ce ko ita ko su.

Ni dai ban san abin da na yi wa ɗakin nan ba. Duk masifaffiyar da ke garin nan sai ta bi ta lungu ta nemo shi.

Ga abin da nake so. Ki rubuto mini takardar sallama mai kyau, wadda za ta karanta ta san ba wasa, amma ba ta ji an wulaƙanta ta ba. Ke kika iya irin wannan. Abokaina na shago suna tambayata wai me 'yar ƙanwarka take karanta ne, shekara biyu ba ta zama likita ba. Na ce ilimin zaman jama'a. Suka ce yau kuma zama ma sai an je jami'a? To ga zaman jama'a nan ya kawo kansa har gida, sai ki fitar da ni kunya.

Kawunki.

*

Zuwa ga Kawu,

Wa alaikumus salam. Na sami takardarka, na yi murna ƙwarai. Ina lafiya, sai mura da ta kama rabin ajinmu ta kuma sake mu. Allah ya ƙara sauƙin gwiwa. Don Allah ka samu kujera mai tsawo ka riƙa yin goge katako a zaune, ba wanda zai ce ka tsufa. A gaishe da Anti.

Kawu, ka yi haƙuri ban rubuto takardar sallamar ba tukuna. Akwai layi ɗaya a wasiƙarka da ya tsaya mini, inda ka ce duk masifaffiya sai ta nemo ɗakin nan. Na karanta shi sau uku.

Bari in gaya maka abu na farko da aka koya mana, ka kai wa abokanka na shago. Malamarmu ta ce idan ɗalibi ɗaya ya faɗi jarrabawa, a kira ɗalibin a tambaye shi. Amma idan duk wanda aka zaunar a bencin da ke bayan ginshiƙi sai ya faɗi, bana ya faɗi, baɗi wani ya zauna shi ma ya faɗi, to a daina dukan yara, a je a tsaya a bencin a ga ko ana hango allo. Ta farko matsalar mutum ce. Ta biyun matsalar jama'a ce, ko da kuwa kullum a jikin mutum ɗaya take bayyana. Aikinmu duka shi ne mu iya bambance su, domin maganinsu ba ɗaya ba ne.

Yanzu ka tuna da ni. Kafin telar nan, wa ke ɗakin? Matar ɗan sandan nan ce, kuka sa mata Barkono. Kafin ita, malamar asibiti, aka ce da ita Tsawa. Ko wace cikinsu da sallama ta shigo, ba ta san 'yar'uwarta ba, ba garinsu ɗaya ba, ba sana'arsu ɗaya ba. Cikin shekara sai a wayi gari ta sami suna, ta kwashe kaya. A lissafina, in an haɗa da wannan, mace huɗu ke nan ɗakin ya fitar. Sauran ɗakuna goma sha bakwai kuwa akwai waɗanda suka shekara goma ba a ji kansu ba. Shin su Allah ya yi musu haƙuri ne su kaɗai? Ruwa ba ya tsami banza.

Ni a ganina ba halin matan ba ne. Tsarin gidan ne ya lalace tun daga tushe, kuma wanda yake riƙe da gidan shi ya kamata ya duba. In ka fitar da wannan, za ka kawo wata mai durƙusawa har ƙasa, nan da wata bakwai ka sake neman mai rubuta maka takarda.

Ina roƙonka ka dakata har mu ƙara magana.

'Yarka.

*

Uwata,

Na ga takardarki. Muna lafiya.

Shekara ashirin da uku ina riƙe da gidan nan. Ni na sauya rufinsa, ni na jawo masa ruwa daga titi da hannuna lokacin da kowa yake zuwa rijiya. Dangi kaf ba wanda ya taɓa duban idona ya ce na lalata tsarin gida, sai yau da na ji daga bakin wadda na ɗauka a kafaɗa na kai makarantar firamare. Ba laifi. Boko ke nan.

Maganar mace huɗu kuwa, ni ma na iya ƙirga. Barkono, Tsawa, Rediyo, uku ke nan. Ta huɗun na gane wadda kike nufi. Ummanki ban kore ta ba. Da mahaifinki ya rasu ni na ce ta dawo gidan ubanta, na ba ku ɗaki, da ƙafarta kuma ta fita bayan ta gama faɗa da kowa. Idan ita ce ta aiko ki tone-tone bayan shekara goma sha ɗaya, ta san hanyar shagona.

Takardar sallama na rubuta abata. Na ba matar wata biyu.

Ki mai da hankali ga karatunki.

Kawu.

*

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fatan jiki da sauƙi. Ni lafiyata ƙalau, sai dai tun da na karanta wasiƙarka ban ji daɗin raina ba.

Ka gafarce ni, Kawu. Laifina ne, na ɗauko kalmar aji na ajiye maka ba tare da na warware ta ba. Wallahi da na ce tsari ba riƙonka nake nufi ba. Kowa ya san ba don kai ba da gidan nan ya zama kango. A karatunmu, tsari shi ne yadda aka jera abubuwa da mutane, har ya zama duk wanda ya faɗa wani gurbi akwai abin da zai same shi, ko shi waye. Kai kafinta ne, ka fi ni sani. In ƙafar tebur ɗaya ta fi sauran gajarta, duk kofin da aka ajiye gefen nan zai gangara. Ba a cewa kofin ba shi da tarbiyya.

Ga tsarin da nake nufi. Famfo ɗaya ne, mutane sun kai saba'in. Ruwa awa biyu yake zuwa da safe. Daɓen tsakar gida ya karkata zuwa ƙofa ɗaya. Shi ke nan. Ba mugu a ciki, kai ma da ka sa famfon a nan don wajen ya fi kusa da bututun titi ne.

Umma ba ta aiko ni ba, ba ta ma san muna wannan magana ba. Amma gaskiya ne da ita na ƙirga, domin ni na kwana a ɗakin nan shekara biyu, kai ba ka taɓa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Ina shekara tara lokacin. Kullum kafin in buɗe ido Umma ta riga ta naɗe tabarma ta ɗora a kan akwati, tana sharar ruwan sabulu da ya biyo ta ƙarƙashin ƙofa. Bokitai suna jere daga bakin famfo har su toshe ƙofarmu, sai na tsallake guda shida kafin in tafi makaranta, in na taɓa na wani a ce na ci masa layi. Ana wanke tukwane a jikin tagarmu. Sannan akwai wata doka da ba wanda ya rubuta, ba wanda ya taɓa furta ta, amma kowa ya san da ita: in magudanar ta toshe, ƙofarmu ake bugawa. Tunda mu ke kusa, aikinmu ne. Irin waɗannan dokoki marasa takarda su suka fi ƙarfi a zaman jama'a, don ba ka da inda za ka kai ƙararsu. In ka yi shiru ka zama bawan gida. In ka yi magana ka zama masifaffe. Hanya biyu kawai ɗakin yake ba mutum.

Ba na so ka yarda da ni don na faɗa. Gani ya kori ji. Ka zaɓi wanda ya fi kowa haƙuri a gidan, wanda kai da kanka za ka rantse ba a taɓa jin muryarsa ba. Ka roƙe shi su yi musanyen ɗaki da telar na wata ɗaya tak. In wata ya cika shi yana nan yadda yake, ita kuma tana can tana faɗa, ni zan rubuta maka takardar sallama, in ƙara da takardar ban haƙuri ka karanta wa abokanka na shago. Na tabbata ba zan rubuta ba, amma ka gwada.

'Yarka mai neman afuwa.

*

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Yau mako bakwai ke nan da na ba Direba wasiƙa, ban ji daga gare ka ba, shi ma ban sake ganin motarsa ba. Na kira wayarka sau biyu, Anti ta ɗauka ta ce kana shago, ka ce a gaishe ni. Na san irin wannan gaisuwar.

Wannan ta hannun wata abokiyar karatuna na aiko. In fushi kake yi da ni, ka yi, ɗa ba ya fin ƙarfin fushin kawunsa. Amma wa'adin da ka ba matar nan ya kusa cika, kuma tana da yara biyu a makarantar unguwa. Kada ka hukunta ta da laifin bakina.

Na ci jarrabawar zangon nan, har da wadda nake tsoro. Na so a ce kai na fara gaya wa.

'Yarka.

*

Zuwa ga Uwata,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Allah ya sa albarka a jarrabawa, na yi murna, na gaya wa duk wanda ya shigo shago har da wanda ya zo tambayar hanya. Kujerar da kika ce na haɗa ta, gwiwa ta ɗan lafa.

Ki daina zargin kanki. Ni nan zaune nake ina cewa yarinya ta ga na yi mata faɗa ta daina rubutu, shi ya sa na ƙi karɓar wayarki. Ashe motar Direba ce ta lalace, aka mai da shi wata hanya, wasiƙarki tana cikin aljihun gaban mota tare da tsummansa. Saura kwana uku wa'adi ya cika ya kawo mini ita, duk shatin yatsunsa na baƙin mai, yana ba ni haƙuri. Lokacin telar ta riga ta ɗaure kayanta, ta cire kan keken ɗinkin ta naɗe shi a zani. Ba ta sami wani ɗakin ba, wai za ta raba yaran wajen 'yan'uwa.

Zan gaya miki gaskiya, ba tausayi ne ya sa na yarda ba. So na yi in karɓi takardar ban haƙurin nan in manna ta a bangon shago. Shi ya sa ma na ƙi ba ki amsa sai wata ya cika.

Kin san mai gyaran agogon nan na ɗakin ƙurya, wanda ake kira Ba Komai. Shekara goma sha huɗu a gidan. An taɓa sace masa takalmi a ƙofar ɗaki, ya ce ba komai, wataƙila mai shi ya fi shi bukata. Na same shi na ce, “Malam, alfarma nake nema, ka koma ɗakin bakin famfo na wata ɗaya.”

Ya ce, “Ba komai.”

Na ce a raina, Uwata, kin shiga uku.

Makon farko na leƙa da safe, na tarar da shi yana tsallake bokitai da butarsa a hannu yana murmushi. Na ce yaya? Ya ce ba komai. Mako na biyu ya sayi tsintsiya biyu, ya jera bulo uku a bakin ƙofa. Na ce yaya? Ya ɗan yi jim kafin ya ce ba komai. Ran Larabar mako na uku, ban ko buɗe shago ba aka zo aka ce in yi sauri. Tun daga titi nake jin murya, na rantse ban san mai ita ba. Na shiga na tarar da Malam tsaye ba hula, wando a naɗe har gwiwa, ya bi layin bokitai da ƙafa ya watsar da su har tsakiyar gida. Ashe magudanar ce ta toshe, ruwan wanki ya haye bulonsa ya shiga akwatin da yake ajiye agogunan mutane. Yana cikin kwashewa sai wata ta buga masa ƙofa ta ce ya zo ya buɗe magudanar, ruwa yana taruwa.

Yana cewa, “Ni na haifi magudanar? Ubana ne ya haƙa ta? Kullum ni! Kullum ni!”

Ya juyo ya gan ni. Na ce, “Malam, yaya?”

Ya ce, “Akwai komai! Wallahi akwai komai!”

Yanzu sunansa ke nan a gidan. Telar kuwa tun da ta koma ƙurya ba ka jin komai sai ƙarar kekenta. Ta fito ranar tana kallon Malam, ta koma ta ɗauko tsumma ta taya shi goge agogunan.

To kin ci. Amma ina da tambaya biyu, kada ki ɗauka na miƙa wuya gaba ɗaya. Ta farko, mako huɗu matar nan ba ta ɗaga murya ba, amma shekaranjiya sabulun wata ya ɓace, kafin a duba ko'ina sai na ji an ce a tambayi Rediyo. Idan ɗakin ne, me ya sa abin ya bi ta ƙurya? Ta biyu, tsarin naki ba shi ya ɗaga hannunta ya yi jifa da bokitin tsohuwa ba. Ko a karatunku ba wanda yake da laifi, kowa ƙafar tebur ce ta tura shi?

Kawunki.

*

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Wasiƙarka ta zo, na karanta ta a tsaye a bakin ƙofar ɗakin karatu, na yi dariya har mai gadi ya leƙo. Allah ya ba Malam haƙuri, ka ce ina ba shi haƙuri ni ma, da shawarata aka jiƙa masa agogo. Ina lafiya. Na gode Allah da gwiwa ta lafa.

Tambayarka ta biyu zan fara amsawa, don kai ke da gaskiya. Ta yi laifi, kuma ya kamata ta ba tsohuwa haƙuri ta saya mata bokiti. Sanin abin da ya tura mutum bai wanke shi ba. Amfaninsa shi ne ka san inda za ka sa hannu don kada na gaba ya faɗa. In ka tsaya a hukunci kawai, za ka yi ta hukunta mutane ɗaya bayan ɗaya har ka gaji, ramin yana nan.

Ta farkon kuwa ita ce abin da muke kira laƙabi. Suna in an liƙa wa mutum, ya fi dalilinsa daɗewa. Da farko ana kiranta Rediyo don tana faɗa. Daga baya duk abin da ta yi da sunan ake fassara shi: in ta yi magana an ce ga shi nan, in ta yi shiru an ce tana haɗa wata. Wani lokaci mutum ya gaji da musu ya ce to bari in zama abin da kuka ce. Ka lura kuma da waɗanda suke da bakin raɗa suna. Mutum goma sha ɗaya suka zo shagonka, kuma dukkansu ruwansu ne yake shiga ɗakinta. Da ita ce ta zo ita kaɗai ta ce ko su ko ita, da dariya za ka yi. Masu yawa da mai riƙe da makulli su suke yanke abin da za a kira matsala. A gidan nan kai ne mai makulli, Kawu. In ka daina kiranta da sunan, a gaban mutane, za ka ga yadda zai fara mutuwa. Ko a wasiƙarka ta biyu ka kira ta da shi.

Gyaran famfo ba fannina ba ne, ba zan koya wa kafinta awo ba. Abu ɗaya zan ce, ka tambayi waɗanda suka kwana a ɗakin kafin ka ɗauki guduma.

Ɗayar maganar kuma da ka san ina nufi, ba zan ce komai ba. Tsakanin wa da ƙanwa ce.

'Yarka.

*

Zuwa ga Uwata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Mu nan lafiya lau. Ki zauna sosai, labari da yawa.

Ran Asabar na tara mutanen gida da hantsi. Na ce Tela da Malam su fara magana, tunda su suka ɗanɗana. Da na ce Tela sai aka yi ta waige-waige ana neman wadda nake nufi. Na sake cewa Tela, da ƙarfi. Ta tashi ta faɗi nata a natse, ta juya ta durƙusa gaban tsohuwa da sabon bokiti. Tsohuwa ta ce ta yafe, ta ƙara da cewa ita ma ta san ba daidai ba ne wanke tukwane a tagar mutum, amma ta ga kowa yana yi. Wani ya fara cewa ai dama Rediyo, na ce a gidan nan ba na ajiye rediyo, mai son saurare ya saya nasa. Aka yi dariya. Ban ce sunan ya mutu ba, jiya ma na ji shi a zaure, amma da suka gan ni aka haɗiye.

Tela ce ta kawo shawarar a mai da famfon tsakiyar gida inda ba ƙofar kowa. Malam ya ce a yi masa kai biyu, layi ya rabu. Na kira mai aikin famfo, muka ƙara bututu, na zuba masa kwami na siminti mai baki, na fasa daɓen na karkata shi zuwa magudana. Buɗe magudana kuma yanzu bi da bi ne, ɗaki ɗaki, na rubuta a allo na kafa a zaure. Tela ta ce ta fi son ƙurya don hasken taga. Malam ya ce tunda ɗakin ya bushe shi zai zauna, ya fi kusa da ƙofa. Na ce ka tabbata? Ya ce ba komai.

Sauran maganar.

Ran Litinin na rufe shago da rana na tafi wajen Ummanki. Na same ta ta dawo daga makarantar da take koyarwa, tana duba littattafan yara a baranda. Shekara goma sha ɗaya gaisuwa kawai ke haɗa mu, ita ma a gidan mutane. Ta ga ni ne, ta kawo mini ruwa, ta zauna nesa kamar an kawo mata sammaci.

Na ce, “Na zo ne a kan maganar ɗaki.”

Ta ce, “Wane ɗaki, Yaya?”

Na ce, “Na bakin famfo.”

Ta rufe littafin da ke hannunta. Na ba ta labari duka, har da na Malam. Ba ta yi dariya ba. Da na gama ta ce, “Sau nawa na zo shagonka na ce maka ruwa yana shiga mana? Ka tuna abin da ka ce mini ranar ƙarshe, gaban mutanen gida?”

Na ce ban tuna ba. Ƙarya na yi, Uwata, na tuna.

Ta ce, “Cewa ka yi ba ɗakin ke yoyo ba, bakina ne. Ruwan ban damu da shi ba, Yaya, ana sharewa. Amma mijina ya rasu, ba ni da kowa sai kai, ka tsaya cikin baƙi ka taya su.”

Ban kawo mata maganar tsari ba. Wannan ba famfo ya faɗa ba, ni na faɗa. Na ce, “Na zalunce ki. Ki yafe mini.” Ta kalli titi, sannan ta ce in sha ruwana kada ya yi ɗumi. Da zan tafi ta rako ni har bakin hanya, abin da ba ta taɓa yi ba tun lokacin.

Yau da la'asar sai ga ta a gidan. Ta wuce kai tsaye ƙofar ɗakin, ta tsaya, ta goga tafin ƙafarta a daɓen, busasshe ƙarau. Ta juya ta kalli famfon can tsakiyar gida.

Ta ce, “Aikin nan kwana nawa ya ɗauke ka?”

Na ce, “Kwana biyu.”

Ta ce, “Kwana biyu.”

Ta sake faɗa a hankali. Ni dai na sunkuyar da kai. Can ta ja numfashi ta ce, “To, Allah ya sa na baya su huta,” ta kama hanyar ɓangarenmu da ke bayan gidan hayar ta yi wa matata sallama.

Tana can ciki yanzu da nake rubutun nan, suna ta hira, ina jin ta tun daga zaure. Muryar dai tana nan yadda take, wannan ba ɗaki ne ya ba ta ba, gadon gidanmu ne. Ta ce in gaya miki ta ga hotonki kin rame, ki rage shan shayi ki riƙa cin abinci.

Allah ya yi miki albarka.

Kawunki.